Gonar Tsuntsaye A Jos: Wane Iri Ya Kamata A Shuka?

Daga wakilinmu a Jos

Anguwan Rukuba tana gefen gabashin birnin Jos, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Ta samo sunanta ne daga kabilar Rukuba, manoman acca waɗanda ƙasarsu ta gado take yamma da gari, wajen Bassa. Kamar sauran unguwannin Jos, gidaje sun yi ta hawa kan duwatsu shekara da shekaru, har wuraren da ake noma da kiwo a da yanzu sun koma ɗakunan haya. Sai dai dutse ba ya barin magini ya cinye ƙasa duka. Tsakanin wannan fa da wancan, ko bayan makaranta, ko gefen coci ko masallaci, ko bakin kwazazzabo, akan sami ɗan fili taki goma ko ashirin wanda ba ya ginuwa, bai kuma isa a kira shi gona ba. Yawanci bola ake mayar da shi.

A Ingila da Amurka akwai al'adar ware irin wannan ɗan fili a shuka shi, sa'an nan a bar amfanin a tsaye ba a girbe ba, domin tsuntsaye da ƙananan namun daji su ci. Na san mai karatu zai ce, mutum bai ƙoshi ba, ina zancen yi wa tsuntsu noma? Maganarsa tana kan hanya, kuma ba wanda zai ce wa magidanci ya sadaukar da gonar da iyalinsa ke ci. Filayen da muke nufi su ne waɗanda ko an noma su ba su cika buhu, irin da za a zuba musu kuwa bai kai mudu ba. Abin ma ba baƙo ba ne gare mu ɗungum. Kakanninmu sun san kala da roro, ba su share gona ƙat. Musulmi sun san cewa abin da tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar mutum ana rubuta masa shi sadaka, Kirista kuma sun san umarnin da ke cikin Littafin Firistoci na barin gefen gona ba a girbe ba saboda matalauci da baƙo.

Bugu da ƙari, Jos tana da abin da za ta yi hasara in aka yi sakaci. Manyan dabbobi suna da gandunsu, wanda aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Ƙanana kuwa, watau kazar dutse, da fakara, da kurciya, da hasbiya, da asisi, da zomo, da bushiya, ba su da gandu sai abin da gari ya rage musu. Kimanin kilomita 15 gabas da Jos, a ƙauyen Laminga, akwai dajin Amurum, wanda faɗinsa bai wuce hekta 300 ba, amma an ƙidaya tsuntsaye wajen iri 300 a cikinsa. A nan ne aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis a 2001, bisa yarjejeniya tsakanin Jami'ar Jos, da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, da mutanen Laminga masu dajin. Yawancin abin da aka sani game da cimar tsuntsayen wannan tudu daga can ya fito.

Cikin tsuntsayen nan akwai wata 'yar mitsitsiya, 'yar uwar baiwar Allah da muke gani tana tsince-tsince a tsakar gida, sai dai ita bayanta ja ne wur, bakinta kuma shuɗi-shuɗi, ba ta kuwa rabuwa da duwatsu masu ciyawa. Masana ba su san da ita ba sai a 1998, lokacin da wani Ba'amurke, Farfesa Robert Payne na Jami'ar Michigan, ya bayyana ta ga duniya. Yadda aka gano ta ma abin mamaki ne. Akwai wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi a tudun Jos, dangin zalaidu, wanda ba ya yin sheƙa, sai ya saka ƙwansa a sheƙar wani a ƙyanƙyashe masa, ɗan kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan waɗanda suka rene shi. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, to wannan kukan gidan riƙo yake yi. Da aka saurari kukansa aka ji bai dace da na kowace baiwar Allah da aka sani ba, sai aka bi sawu har aka kai ga mai kukan. Su biyun duka 'ya'yan ciyawa suke ci. In ciyawar gindin dutse ta ƙare, ko don gini, ko don fasa dutse, ko don maganin feshi da ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, to abincinsu ya ƙare ke nan.

Lokacin Da Yunwa Take

Wanda zai zaɓi iri, kafin ya tambayi abin da tsuntsu yake so, ya kamata ya fara tambayar yaushe ne tsuntsu yake rasa abinci. A nan ne mutane da yawa za su yi kuskure, domin abin da hankali zai fara kawowa shi ne tsakiyar rani, sa'ad da daji ya bushe ƙayau, ƙura ta turnuƙe. Ga tsuntsu mai cin ƙwaya kuwa lissafin dabam yake. Ciyayi suna zubar da 'ya'yansu ne da kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, ƙwayar kuma ta kwanta a busasshiyar ƙasa wata da watanni ba ta lalace ba, kamar an zuba ta a rumbu. Tsuntsu na ɗiba, tururuwa na ja, ɓera na kwasa, gobara na cin nata, rumbun yana ta raguwa har bazara. Ran da ruwan farko ya sauka, wanda a Jos yakan zo cikin Afrilu, ɗan abin da ya saura sai ya tsira cikin 'yan kwanaki. Ƙasa ta yi kore shar, idon mutum ya ga wadata, alhali kuwa mai cin ƙwaya ya wayi gari ba shi da komai, kuma sabuwar ƙwaya ba za ta nuna ba sai wajen Agusta ko Satumba.

Wannan ba sabon sani ba ne. Tun a 1965 wani Bature, Peter Ward, wanda ya yi nazarin janbaki a yankin Tafkin Chadi, ya nuna cewa farkon damina ne lokacin da abinci yake yanke wa tsuntsun nan. A Amurum ma haka aka samu. Dokta Mary Molokwu da abokan aikinta sun riƙa ajiye farantan hatsi a wurare dabam-dabam cikin dajin, suna auna abin da tsuntsaye suka ci da abin da suka bari. Sakamakon da suka buga a 2010 ya nuna abu biyu da za su amfani mai wannan aiki. Na farko, a farkon damina, lokacin ƙarancin abinci, in an ajiye tukunyar ruwa kusa da farantin tsuntsaye sun fi cinye abin da ke ciki. Na biyu, ko wane lokaci ne na shekara, sun fi sakin jiki su ci a gindin duhuwa bisa ga fili fetal, saboda tsoron shaho da 'yan uwansa.

Saboda haka gonar da za ta nuna gaba ɗaya a watan Oktoba, ta zube a Nuwamba, ba ta ƙara wa tsuntsu kome ba. Ta kawo masa tuwo ne ranar da gidansu ake biki. Haɗin iri mai amfani shi ne wanda wani sashensa zai nuna da wuri, kafin ciyawar daji ta yi 'ya'ya, wani sashen kuma ya riƙe ƙwayarsa har can ƙarshen rani.

Abu na biyu da za a duba shi ne baki. Bakin baiwar Allah da na asisi bai fi ƙwayar shinkafa tsawo ba, ba abin da za su yi da masara. Kurciya tana haɗiye ƙwaya ɗungum, tana iyawa da gero da dawa da riɗi. Fakara da kazar dutse a ƙasa suke kiwo, suna tono da ƙafa, 'yan tsakinsu kuwa a makonnin farko ƙwari suke bukata fiye da hatsi. Zomo ganye yake nema. Fili ɗaya ba zai gamsar da kowa ba, kuma a cikin gari irin Anguwan Rukuba, a ganina, ƙananan masu cin ƙwaya su ne ya kamata a sa a gaba, sauran su sami abin da ya samu.

To, a tudun Jos ba irin da ya kai acca cika sharuɗɗan nan. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, giram guda yakan ƙunshi wajen ƙwaya 2,000, daidai bakin ƙaramin tsuntsu, kuma 'yar uwar harƙiya ce wadda tsuntsayen suka saba ci tun fil azal. Tana yi a ƙasar da ta gaji, mai tsakuwa da yashi, irin wadda ake samu a gindin duwatsu da wuraren da haƙar kuza ta bari, inda masara ba za ta ko kai gwiwa ba in ba a zuba mata takin zamani ba. Akwai mai saurin nuna wadda ake yanka tun cikin marka, shi ya sa ta zama abin fid da manomi daga yunwar damina, har Turawa suka laƙaba mata suna shinkafar yunwa. Aibinta a wurin manomi shi ne saurin zuba, da ta nuna in ba a yanke ba sai ta kaɗe. A gonar tsuntsaye wannan aibi shi ne abin nema, tun da masu cin ta a ƙasa suke tsinta. Iburu, wanda ake nomawa a nan tudu da kudancin Kaduna, ya fi ta daɗewa kafin ya nuna, don haka wanda ya sami duka biyun ya tsawaita kwanakin cin.

A nan akwai wata 'yar gargaɗi. Accar da ake sayarwa a mudu don tuwo da gwate an riga an surfe ta, ba ta tsira yadda ya kamata. Mai neman iri ya nemi mai ƙaiƙayi, daga hannun manomi ko wurin masu hatsi a kasuwar Katako, ya kuma faɗa musu cewa ta shuka yake so. Kafin ya zuba, ya ƙirga ƙwaya 100 ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen tsumma, ya rufe, ya duba bayan mako guda. In waɗanda suka tsira ba su kai rabi ba, ya sake iri. Wannan gwaji ya shafi kowane iri da za mu ambata.

Bayan acca sai tamba. Ita halinta kishiyar na acca ne, tana riƙe ƙwayarta a ka, ba ta saurin zuba, ƙwari kuma ba su cika damunta ba, abin da ya sa mutanen tudu suke ajiye ta shekaru a rumbu. Ita ce za ta ɗauki nauyi daga Nuwamba zuwa tsakiyar rani. Gero kuwa sai a yi hankali. Jos tana bisa tudu mai tsayin ƙafa 4,000, ruwan da take samu a shekara yakan kai milimita 1,400, watau wajen inci 55, mafi yawansa a Yuli da Agusta. Geron Kano da Katsina mai saurin nuna zai fid da kai ne a tsakiyar wannan ruwa, ya yi ta shan duka har ya ɓaci. Dauro, wanda ake dasawa ya nuna bayan ruwa ya ɗauke, shi ne geron wannan ƙasa. A guji mai gashi a zangarniya, domin manoma sun zaɓe shi ne musamman don gashin yana hana tsuntsu sakewa.

Zancen dawa yana da ɗan daɗi. Farafara da kaura ba su da bauri, tsuntsu yana rububinsu tun suna ɗanye, kafin a ankara an bar kara tsirara. Wasu jajayen dawa kuwa suna da bauri a fatarsu, tsuntsu ba ya kula su muddin akwai wani abu. Manomin da tsuntsaye suka dama yakan shuka mai baurin don ya tsira da amfaninsa. Mai gonar tsuntsaye shi ma ya kamata ya sa layi ɗaya ko biyu nata, amma da wata manufa: tun da ba mai taɓa ta da kaka, ita ce za ta kai Fabrairu da Maris a tsaye, sa'ad da yunwa za ta sa a daina zaɓe. Wadda aka raina da fari ita ce ajiyar ƙarshe.

Sauran abubuwan cikon ne, kaɗan-kaɗan. Riɗi yana da mai, kurciya na son sa. Alayyafo in an bar shi ya yi kai yana zubar da ƙwaya dubbai, ƙanana ƙwarai. Rama da yakuwa suna fure, furen na jawo ƙwari, karansu kuma yana tsayawa har rani. Wake mai yaɗo yana rufe ƙasa, yana gyara ta, zomo ya ci ganye, 'yan tsakin fakara su sami tsutsa a ƙarƙashinsa. Masara da gyaɗa da gujiya kuwa, shawarata ita ce a bar su. Gafiya da kurege da biri suke kira, har da mai ƙafa biyu.

Akwai kuma kashi guda na haɗin wanda ba a saye, ba a shukawa, kuma ina jin ya fi duk waɗanda muka lissafa. A bar sulusin filin ba a nome shi ba, a dai ɗan kafce shi sama-sama da farkon ruwa, kada a fesa masa kome. Harƙiya, da burburwa, da guɗe-guɗe, da ƙyasuwa, da tuji za su fito da kansu, domin irinsu yana nan kwance cikin ƙasa yana jira. Su ne ainihin tuwon gidan tsuntsayen nan. Mutum zai sha surutu wurin maƙwabta cewa ya bar gona ta yi sabra don ƙyuya, sai ya daure. A bayan filin, ta wajen dutse, a dasa gamba gindi biyar ko shida. Ita ba ta mutuwa da rani, tana ba da maɓuya, tana kuma ba da ciyawar sheƙa.

Irin Cikin Leda

Yanzu da ciniki ya koma intanet, ba wuya mutum ya ga hoton haɗaɗɗen iri daga Amurka, cikin leda mai hoton barewa, ya ji ya ƙyasa. Sanyin Jos yana ƙara ruɗin, tun da ga kabeji da karas da dankalin Turawa suna yi a nan. To, a san abin da ke cikin ledar. Yawancin haɗin Amurka mafarauta aka yi wa, don su jawo barewar ƙasarsu kusa da inda za su harbe ta, kuma ganye da saiwa ne abin nufi a ciki: alkamar hunturu, da dangin kabeji, da wasu ciyayi masu ganye uku-uku. Ba mu da wannan barewa a Anguwan Rukuba. Wasu dangin kabejin ma ba su yin 'ya'ya sai a shekara ta biyu, bayan sun sha sanyin ƙanƙara, abin da hunturun Jos duk da kaifinsa bai kai ba. Mutum zai kashe kuɗi ya noma wa awakin unguwa salak.

Abin da ya kamata a ɗauko daga Turawa shi ne tunanin, a bar musu ledar. A Ingila, da aka ga tsuntsayen gona suna ƙarewa, gwamnati ta shafe shekaru tana biyan manoma don su ware gefen gona su shuka haɗin hatsi da ƙananan ƙwayoyi su bari a tsaye. Ƙungiyar kare tsuntsaye ta ƙasar ta sayi wata gona kusa da Kambirij a 2000 don gwada wannan da wasu dabaru, tsuntsayen da ke sheƙa a gonar kuwa suka ninka fiye da biyu ba tare da an daina noman kasuwa ba. Su ma sun gano cewa shukar takan ƙare kafin yunwa ta ƙare, a ƙarshen hunturunsu, sai suka ƙara da watsa hatsi da hannu har zuwa Afrilu. Akwai ma wata kurciya da muke tarayya da su a kanta, wadda ke ƙyanƙyasa a Turai ta zo ta yi rani a ƙasashenmu na Sahel. A Ingila ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 tun daga shekarun 1970, babban dalili kuwa shi ne ƙwayar ciyayin gona da maganin feshi ya kawar. Shirin ceton ta da aka fara a 2012 ya dogara ne kan komar da ciyayin ƙasar da ta saba ci. Kowa da ciyawar gidansu yake gyara.

Haɗarin baƙon iri bai tsaya ga hasarar kuɗi ba. Duk mai yawo a gefen Jos ya san lantana, 'yar ƙayar nan mai fure ja da rawaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don ado da shinge. Tsuntsaye masu cin 'ya'yan itace suka yi ta shan 'ya'yanta suna kai irin ko'ina, yau ta mamaye wurare da yawa har cikin Amurum, inda ta kafu kuwa ciyawa ba ta sakewa. Wanda ya kawo ta bai yi nufin ɓarna ba.

Haɗari na kusa ya fi wannan. Irin da kamfanoni ke sayarwa a shagunan kayan gona, wanda za ka gani an rina shi ja ko shuɗi ko kore, magani ne aka shafa masa don kashe ƙwari da cutar tsiro. Yana da amfaninsa a gonar kasuwa. A gonar tsuntsaye guba ne, musamman da yake acca da tamba yafa su ake yi, rabin ƙwayar tana bisa ƙasa a fili. Ƙaramin tsuntsun da nauyinsa bai fi giram 10 ba, ƙwaya kaɗan ta ishe shi. Haka nan hatsin da aka zuba wa maganin rumbu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ga wanda yake da fili taki 20 tsawo, 20 faɗi, ga ƙiyasin da zan bayar, kowa kuma ya gyara gwargwadon ƙasarsa. Bayan an cire sulusin da za a bar wa ciyawa, acca gwangwanin madara biyu, tamba ɗaya, dauro rabi, dawa rabi a raba tsakanin fara da ja, wake rabi, riɗi da alayyafo cokali bibbiyu. Ko da yake haɗi muke cewa, kada a zuba su a ƙwarya ɗaya a gauraya. Ƙananan za su gangara gindin ƙwarya, manyan su taso sama, gefe guda na filin ya sami wake zalla. Zurfin da kowanne yake so ma ba ɗaya ba ne: dawa da wake binne su ake yi, acca kuwa in ta yi zurfi ba ta fitowa, yafa ta ake yi a ja ƙasa kaɗan a kai. Dawa kuma in ta tashi za ta yi wa acca inuwa ta kashe ta. Sai a yi su jere-jere, masu tsawo a baya wajen dutse ko shinge, tamba a tsakiya, acca a gaba tana maƙwabtaka da ciyawar da aka bari. Riɗi da alayyafo a cuɗa su da yashi cikin tafi kafin a yafa, don kada su taru wuri ɗaya. Acca ta shiga ƙasa a Mayu ko farkon Yuni, dawa da ruwa ya zauna, tamba da dauro a yi musu dashe daga baya kamar yadda manoman tudu suke yi. Ba a bukatar takin zamani. Ɗan takin awaki da tokar murhu sun isa, in ya yi yawa ma ganye za a samu.

Kowane gefe na abincin ya kasance kusa da maɓuya, taki uku ko huɗu, saboda abin da aka gani a Amurum. In filin ba shi da duhuwa ko kaɗan, a tara reshen ƙaya a kusurwa.

Sauran aikin na tsaro ne, kuma a nan ne yawancin irin wannan niyya za ta mutu in ba a shirya ba. Da an gama kaka ake sakin awaki, su kuwa kwana ɗaya ya ishe su. Shingen ƙerana da mutanen tudu suka gada yana tsare dabba sosai, amma ruwansa yana ƙuna, yana kuma cutar ido, don haka bai dace da makaranta ba. A can sai ƙaya ko waya. Kafin iskar hunturu ta taso, a share taki biyu kewaye da filin ƙasa tsirara, saboda masu cinna wa ciyawa wuta suna neman gafiya. A nisanta filin daga bangon ɗakin kwana, domin inda hatsi yake ɓera zai zo, inda ɓera yake maciji zai biyo. Kada kuma a yi shi jikin accar wani ko shinkafarsa. Manomin da ya kwana yana korar kabare ba zai gode wa wanda ya kafa musu masauki a gefensa ba, kuma yana da gaskiya. A sanar da mai unguwa tun kafin a sa fartanya. Masu karatunmu na Barno, da Yobe, da Jigawa, da Kabi, inda janbaki yake sauka dubu-dubu ya share gona cikin yini, su kam kada su sa gero ko dawa a irin wannan fili kusa da gonakin jama'a. Ciyawar da aka bari da tukunyar ruwa sun wadatar.

Sai yara masu danƙo da tarko. Filin da ya tara tsuntsaye wuri ɗaya, in ba mai kula, mahauta ce aka buɗe. Tsawa ba ta maganin wannan. Abin da ya fi shi ne a damƙa wa yaran filin, a ba su littafi su riƙa rubuta irin tsuntsun da suka gani da ranar da suka gan shi. Tun daga 2015 cibiyar Laminga take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda 'yan sa kai ne suke tattara bayanansa, har da ƙungiyar matasan Arewa. Makarantar da ta fara irin wannan rubutu tana da inda za ta kai shi.

Daga Janairu, duk bayan mako biyu a karya layi guda na dawa ko dauro a kwantar, domin masu kiwo a ƙasa su kai gare shi. Kada a kwantar duka lokaci ɗaya, gara za ta riga su. Duk da haka, ko an yi dabara yaya, da wuya shuka ta kai Afrilu da sauran ƙwaya a kanta. Don haka tun a Disamba a yanki kashi ɗaya cikin huɗu na tamba da dawa, a ɗaure ƙananan dammuna, a rataye a inuwa inda ɓera ba ya kai. Ran da aka ga ruwan farko ya sauka ƙasa ta fara kore, a fara fitar da su, zangarniya biyu ko uku kowace safiya, a murje a gindin duhuwa inda ruwa ba ya kwanciya, gwargwadon abin da za a cinye a yini don kada ya tsira ko ya yi fumfuna. A ci gaba da haka har accar farko ta nuna.

Kusa da wurin a binne kasko ko fasasshiyar tukunya, bakinta daidai da ƙasa, zurfin ruwan kada ya wuce gaɓar yatsa biyu, a sa dutse a tsakiya don masu gajeren ƙafa. Wani bincike da aka buga a 2008 ya nuna cewa baiwar Allah ta dutse takan yi doguwar tafiya da rani saboda neman ruwa kawai. A riƙa zubar da ruwan ana sakewa duk bayan kwana biyu, saboda sauro.